Ranar da Na Wanke Tsohon Kamfanin Man Gyaɗa

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina a matsayin wanda ya fi kowa tsari a gidanmu, saura ƙiris in ɓata wa mahaifiyata ranar da ta fi kowace rana girma a wurinta. Kuma da me? Da ruwa da sabulu, jama'a. Ruwa da sabulu kawai!

Akwai wani tsohon gini a garinmu, Illela, can bakin hanyar da ke fita wajen Garu. Dogo ne, rufin kwano, ƙofarsa ta ƙarfe mai faɗin da babbar mota za ta shige da kayanta ba ta goga ba. In kana son sanin shekarun mutum a garin nan, tambaye shi sunan ginin. Tsofaffi za su ce maka Kamfani. Sa'o'ina za su ce Siton Albasa. Samari kuwa Gidan Ƙwallo suka sani. Kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Da farko kamfanin matse man gyaɗa ne, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, lebura ne a ciki. Ni ban riski wannan zamani da wayo ba. Abin da kawai nake iya tunawa shi ne ƙamshin rigarsa in ya ɗauke ni. Da gyaɗa ta daina yin kirki a gonaki, aka kwance injuna aka tafi da su, aka bar wa jemagu da awaki wurin. Daga baya 'yan kasuwar albasa suka karɓe shi, suka yi shekaru suna jibge buhuna har kusa da rufi, wadda ta ruɓe ta tsiyaye a nan, wadda ta tsira a loda ta zuwa kudu. Da suka koma kusa da kasuwa, sai wani abokina ya kama wurin, ya jera bencina, ya ɗora babbar talabijin a kan dakalin simintin da injin yake zaune a da, ya lulluɓe bango ciki da waje da hotunan 'yan ƙwallo. Duk ranar wasa ana jin ihunsu har tasha.

To, mahaifiyata. Bayan rasuwar mahaifinmu, da ta ga ta aurar da autarta, sai rana ɗaya ta ɗauki jaka ta shiga Islamiyyar matan aure, ta haura shekara sittin a lokacin. Da safe Alƙur'ani, ranar Asabar da Lahadi kuma malamarsu ta koya musu karatun Hausar boko. Mun tsokane ta, ba na ɓoye muku. Ni da bakina na taɓa ce mata, "Inna, in an ba ku aikin gida ki kawo in taimaka miki." Ko kallona ba ta yi ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika amsa mini wasa.

Tana nan tana ja, shekara ta bi shekara, sai ga sauka ta zo. Su goma sha ɗaya ne za su yi walima tare. Murna a wurina kamar ni na sauke. Na ce ni zan ɗauki nauyin wurin taro, tunda tsakar makarantarsu ko mutum arba'in ba za ta ɗauka ba. Na je mata da tsari irin na wanda ya ga ɗakunan taro a Sakkwato: rumfuna, kujerun roba, lasifika.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Cikin Kamfani za a yi."

Na ce, "Inna, wane Kamfani? Gidan ƙwallo? Inda samari ke zage-zage?"

"Awo. Nan nika so."

Na buɗe baki zan kawo hujja, ta ɗaga mini hannu. Ranar ce ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce tana amarya ita ke kai wa mahaifina abincin rana, ta tsaya bakin ƙofa a kira shi. Wata rana ta daɗe a tsaye cikin rana ba wanda ya leƙo, tuwo yana hucewa, sai ta sa ƙafa ta shiga. Taku uku ta yi, maigadi ya daka mata tsawa a gaban leburori da direbobi. Ya nuna mata wani jan rubutu da ke saman ƙofa ya ce, "Ke ba ki ga abin da anka rubuta ba? Ko idanun na ado ne?" Aka kwashe da dariya. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya gida.

"Har anka ruhe wurin ga ban sake sa ƙahwa ciki ba," in ji ta. "Ban san mi anka rubuta ba, ban kuma tambayi kowa ba, ko ubanku. To ina so in shiga ɗakin ga in yi karatu a ji ni. Shi kenan abin da nika so."

Wallahi na tausaya mata. Daga nan kuma sai zumuɗi ya kama ni. Na ce a raina, in dai Kamfani take so, sai na mayar da shi wurin da ba a taɓa gani ba a Illela.

Malamarsu ta amince, sauran matan ma suka yarda. Na sami abokina, ya miƙo mini makulli ba musu, har ya ɗage wasan da za su nuna ranar. Yana miƙo mini yana cewa, "Sai dai ka sa a share shi da kyau. Mu shara kawai muka yi mai, haka masu albasa sunka ce min in riƙa yi."

Na yi dariya na ce, "Shi ya sa wurin naku ke tsami. Kai dai zo ka ga aikin masu tsabta."

An sa walima ranar Asabar bayan la'asar. Da na san abin da zai faru da na fara tun ana saura mako, amma ni mai tsari, sai na ce a wanke da safiyar ranar don kada ƙura ta sake sauka. Ana idar da sallar asuba na tara 'yan ga-ruwa da kurarsu cike da jarkoki, na sayo garin sabulu da tsintsiyar kwakwa. Muka fitar da bencina, muka yage hotunan nan kaf, har na waje. Na sa aka kafa tsani aka goge bangon gaba tun daga sama, tsohuwar farar ƙasa tana zuba kamar koko. Sannan na ce a saki ruwa a ƙasa.

Rabin awa na farko, kai, abin gwanin sha'awa! Kumfa fari fat daga bango zuwa bango. Na naɗe wando zuwa gwiwa, na riƙe waya ina ɗaukar hoto, ina ba da umarni kamar wani injiniya. Har na tura wa ƙannena na rubuta musu, "Ku zo ku ga aiki."

Sai ɗaya daga cikin masu ruwan ya tsaya ya shaƙi iska ya ce, "Alhaji, mi ke wari haka?"

Ban ma taɓa zuwa Hajji ba, amma ranar ban gyara masa ba, don ni ma na ji. Wani irin wari ne ya taso daga ƙasa, na ruɓaɓɓiyar albasar shekara da shekaru wadda ta shige tsagogin siminti ta bushe ta yi shiru, mu kuma muka je muka tashe ta. Idanuna suka fara ruwa. Na ce a ƙara sabulu. Aka ƙara. Wari ya ƙaru. Kumfan da yake fari ya koma ruwan ƙasa, sai ga wani maiƙo yana tasowa a samansa yana ƙyalli. Man gyaɗar zamanin mahaifina ne, wanda simintin ya sha ya ƙoshi tun kafin a yaye ni.

Na ce, "Ku tura ruwan waje!" Na ɗaga ƙafa in nuna musu yadda ake yi. Ban san lokacin da na bar ƙasa ba. Na dai ji ni tim a kwance, waya ta yi gabas, hula ta yi yamma. Na yunƙura zan tashi na sake komawa. Abokina ya iso daidai lokacin, ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci, yana dariya har da riƙe ƙarfen ƙofa.

"Sannu mai tsabta!" in ji shi. "Aiki ya yi kyau!"

Ruwan kuma ya ƙi fita. Ashe tsakiyar ɗakin ya fi bakin ƙofa zurfi, duk abin da muka tura sai ya dawo ya kwanta kewaye da dakalin injin. Hantsi ya yi, ga tafki a tsakar ɗaki, ga santsi, ga wari har kan titi. Masu wucewa a babur suna rage gudu suna tambaya ko wani abu ne ya mutu a ciki.

Ana cikin haka malamar su Inna ta zo duba wuri. Ta leƙa, ta ja hijabi ta rufe hanci, ta ja da baya. Mace ce mai kawaici, ba ta faɗa mini baƙar magana ba. Ta ce, "Malam, tsofaffi ne ɗalibaina. In ɗaya ta zame ta karye a nan, mi za mu ce ma 'ya'yanta? Mu koma makaranta kawai, a matsu a haka nan."

Gaskiya ta faɗa. Na roƙe ta ta ba ni zuwa azahar. Sannan na hau babur, jiƙe sharkaf, ina warin albasa, na nufi gida in gaya wa mahaifiyata cewa abu ɗaya tak da ta taɓa roƙona a duniya na lalata shi da hannuna. Ban taɓa jin hanyar gidanmu ta yi mini gajarta irin ta ranar ba.

Na tarar gida ya cika. 'Yan'uwa daga Ƙonni sun riga sun tsallako iyaka, ana ta girke-girke. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da Alƙur'aninta a buɗe tana bitar inda za ta karanta, farin hijabinta na anko a rataye a igiya. Kawuna, ƙanenta da ke zaune a Ƙonni, yana gefe yana shan fura. Tun kafin in yi sallama ya ɗaga hanci.

Na durƙusa. Inna ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai wanga, mi kay yi?"

"Inna, wanke shi na yi."

"Wanke mi?"

"Kamfanin."

Ta rufe Alƙur'anin a hankali. "Ruwa? Kamfani ka zuba ma ruwa?"

Kawu ya ƙware da fura. Yana tari yana dariya yana cewa, "Yaya, ɗan bokonki ya yi ma Kamfani wanka!"

Na sunkuyar da kai na ce malama ta ce a koma makaranta. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta yi shiru irin shirun nan nata da ya fi duka ciwo. Sai na ji ta ja tsaki.

"Ba inda za a koma. Ai ɗakin ga ba ya shan ruwa, rairayi shika sha. Aikin ubanka kenan kullum da sahe kahin a tada inji. Ni ka wanke rigunanshi, na san rairayin da nika kakkaɓewa." Ta ɗaga yatsa tana lissafa mini kamar tana aikena kasuwa. A samo rairayi busasshe, na cikin rafi, ba jar ƙasa ba. A zuba na farko da kauri a bar shi ya sha, a kwashe a zubar. A zuba na biyu a tattake, shi ma a kwashe. Na uku shi ake bari. "Tashi ka tahi. Kai kuma," ta juya ga kawu, "aje kwanon ga ka bi shi, kada ya sake yin wata dabara."

Jama'a, daga nan ne ranar ta zama abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kawu ya san masu amalanken shanu da ke ɗebo rairayi daga busasshen rafi ta wajen Lafani, ya hau bayan babur ɗina muka same su suna shirin lodin magina, ya juyo da su gaba ɗaya. Abokina ya daina dariya ya shiga kiran 'yan kallonsa a waya. Kafin amalanke ta farko ta iso, samari sun fi talatin a bakin ƙofa, wannan da shebur, wancan da kwanon gini, wani da buhu. 'Yan dakon albasa suka ji labari a kasuwa suka taho, don ashe biyu daga cikinsu iyayensu mata suna cikin masu saukar. Ɗaya ya leƙa ya shaƙa ya ce, "Wallahi wannan tamu ce, na gane ta!" Aka fashe da dariya.

Muka yi layi tun daga titi har dakalin injin, kwano yana bin hannu. Rairayin farko yana sauka ya yi baƙi ƙirin, ya shanye tafkin nan muna kallo. Ihu ya tashi kamar an ci ƙwallo. Aka kwashe, aka zuba na biyu, samari suka shiga tattakawa suna waƙar da suke yi wa ƙungiyarsu, wasu suna tsalle. Ni da na zo da safe ina ba da umarni, ga ni da kwano a ka, kawu yana bayana yana cewa, "Yi sauri, injiniya!" Ban ji haushi ba ko kaɗan. Daɗi nake ji kamar in yi ta ihu.

An kira azahar muna kwashe na biyu. Muka yi sallah a gefen titi muka koma. Na uku ya sauka fari tas, mai laushi, aka baje shi da katako. Malama ta dawo, ta taka da ƙafarta, ta je har tsakiya ta dawo, ta murza ƙasa da dunduniya. Ta dube ni ta ce, "To, a kawo tabarmi." Na kusa rungume kawu. Mata suka aiko da kaskon turaren wuta ya fi goma aka jera a jikin bango. Warin bai tafi duka ba, in faɗi gaskiya. Ya dai koma kamar maƙwabta na suya daga nesa.

Bayan la'asar wuri ya cika maƙil, maza ta dama, mata ta hagu, na waje sun fi na ciki. Na samu na yi wanka na sa shadda, na tsaya a bakin ƙofa ina tarbar baƙi. Sai ga su sun taho a jere cikin fararen hijabai, malama a gaba, Inna ta uku a layi, rungume da Alƙur'aninta.

Tana isowa bakin ƙofa sai ta tsaya cak. Na bayanta suka tsaya. Ta ɗaga kai sama.

Na bi idonta. Gugar da na sa aka yi wa bangon gaba ta cire hotuna, ta cire farar ƙasar da ke ƙarƙashinsu, ta fito da wani tsohon jan rubutu da ya koɗe. Duk hidimar ranar ban ɗaga kai na gan shi ba. Na ce shi kenan, na sake yin wata. Na matsa zan ce mata ta yi haƙuri yanzu za a rufe shi da zane.

Ba ta ko san ina wurin ba. Ta ɗaga yatsa tana bin baƙaƙen daga nesa, bakinta yana motsi. Sannan ta karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, yadda aka koya musu:

"Ba... a... shi-ga... sai... ma-'ai-ka-ta."

Ta sake karantawa, wannan karon a dunƙule. Ta gyaɗa kai.

"Ashe abin da anka rubuta kenan," in ji ta. "To, yau na gani."

Ta yi bisimilla ta sa ƙafar dama.

Wata tsohuwa daga cikin ƙawayenta, wadda ta san labarin, ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka, kwanon rufi yana amsawa. Na waiga na ga kawu, mutumin da ya wuni yana yi mini dariya, ya rufe fuska da babbar rigarsa. Ni ma ban tsaya jin kunyar kowa ba, na bar hawayena suka zubo.

A kan dakalin injin aka shimfiɗa musu darduma. Da aka zo kanta, ta ƙi karɓar makirfo. Ta buɗe ta fara karantawa. Ɗakin nan da aka gina don ƙarar inji ya ɗauki muryar tsohuwa ya kai ta har bakin ƙofa, ba wanda ya ce a maimaita. Ko gyara ɗaya malama ba ta yi mata ba.

Da aka watse na je na durƙusa in yi mata barka. Ɗan fari ba ya samun yabo a fuska, na san da haka. Ta dubi kawu, ba ni ba, ta ce, "Wanga dai ya iya ɓarna. Amma bangon ya wanku." A wurina wannan ya fi lambar yabo.

Bayan shekara guda abokina ya mayar da gidan kallonsa kusa da tasha, makarantar su Inna ta karɓi ginin. Yanzu da safe karatu ake yi a ciki, da yamma kuma kekunan ɗinki ne ke ta ƙara, ana koya wa mata sana'a. Yaran da ke tasowa Makarantar Mata suke kiransa, ya sami suna na huɗu kenan. Har yau rairayi ake sauya masa duk bayan 'yan watanni, kuma duk ranar da za a sauya sai wani ya aiko a tambaye ni ko injiniya yana da shawara.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne, na yi shekaru ina ganin ni ne mai ilimi a gidanmu, ban taɓa zama na tambayi mahaifiyata me ta sani ba, ko me ke ci mata rai. Ta san yadda ake bi da ɗakin da aka kore ta daga cikinsa fiye da ni da aka miƙa wa makulli. Tun daga ranar, kafin in taɓa tsohon abu da sunan gyara, sai na nemi wanda ya girme ni na tambaya.

Da za a yi wa ginin fenti, mai fentin ya kafa tsani zai shafe jan rubutun nan. Aka aika aka gaya wa Inna. Ta sa hijabi ta zo da kanta ta ce a bar shi. Yana nan har gobe a saman ƙofa, kuma duk sabuwar ɗalibar da ta fara haɗa baƙi, nan ake kawo ta ta karanta shi da bakinta, sannan ta wuce ciki.